Tambayoyinku kan fasaha: Shirya waya kafin zagayen wuraren ibadar Budda a Bankok

Cikin makonnin nan tambayoyi masu kama da juna sun taru a wurina daga masu karatu da harka ke kai su Bankok, babban birnin ƙasar Tailan. Yawancinsu 'yan kasuwa ne masu sarin tufafi a unguwar Pratunam, wasu kuma ɗalibai ne ko masu rakiyar marar lafiya, kuma kowannensu yana so ya ware yini guda ya ga manyan wuraren ibadar mabiya addinin Budda da birnin ya yi suna da su, waɗanda mutanen ƙasar ke kira wat. Hukuncin shiga irin waɗannan wurare na malamai ne, su ya kamata a tambaya. Ni abin da ke hannuna shi ne wayar da ke aljihun matafiyi. Na bar sunayen wuraren yadda ake rubuta su a taswira, domin haka za a buga su a waya idan ana nemansu.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Zan yi kwana goma a Bankok, kuma ina so in ware rana ɗaya in ga Wat Pho da Wat Arun. Idan na sayi layin can, WhatsApp ɗina zai ɓace ne? Kuma yaya zan riƙa samun lambar sirrin da banki ke turo mini? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, WhatsApp ɗinka ba zai ɓace ba. Manhajar tana ɗaure ne da lambar da ka yi rajista da ita tun farko, kuma muddin ba ka goge ta ba, ba ka kuma taɓa wurin canza lamba ba, za ta ci gaba da aiki da lambarka ta gida ko da datar layin Tailan take sha. Manyan kamfanonin layi a ƙasar su ne AIS da True, wanda ya haɗe da dtac a shekarar 2023, kuma dukansu suna sayar da layin baƙi a filayen jirgin sama na Suvarnabhumi da Don Mueang. Sai ka nuna fasfo kafin a yi maka rajista.

Shawarata ita ce kada ka cire layinka na gida. Idan wayarka mai layi biyu ce, ka bar shi a gurbinsa domin saƙon banki ya riƙa shigowa, amma ka shiga saituna ka kashe masa data gaba ɗaya, ka ɗora data a kan layin Tailan kaɗai, domin datar layin gida a ƙasar waje ita ce ke cinye kuɗin mutum kafin ya ankara. Tun kana Kano ka tabbatar da kamfaninka ya buɗe wa layin damar aiki a ƙetare, don gyaran wannan daga can yana da wahala. Idan kuma kana son sanin ko wayarka tana karɓar eSIM, wato layin da ake saukewa ba tare da an sa kati ba, ka danna *#06#. In ka ga lamba mai suna EID, tana karɓa, kuma za ka iya sayen data tun kana gida ka sauka da intanet a hannunka.

Tunda muna maganar shiri, tun 1 ga Mayun 2025 duk baƙon da zai shiga Tailan sai ya cike katin isowa na intanet da ake kira TDAC cikin kwana uku kafin ya sauka. Kyauta ne a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar, saboda haka duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ka bar shi. Ka ɗauki hoton katin ka ajiye a cikin waya.

Tambaya: Malam, ni matsalata ɓata. Ko a Abuja taswirar Google tana juya ni, balle a garin da ban iya karanta rubutunsu ba. Ta yaya zan kai kaina waɗannan wurare in dawo otal lafiya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malam, abu na farko da nake so ka fahimta shi ne GPS ba ya buƙatar data. Wayarka tana karɓar sigina ne kai tsaye daga taurarin ɗan'adam, ta lissafa inda kake. Abin da ke buƙatar data shi ne zanen titunan da za a ɗora ɗigon shuɗin da ke nuna inda kake a kai. Saboda haka tun kana kan intanet ɗin otal ka sauke taswirar Bankok a Google Maps domin amfani ba tare da intanet ba. Sai dai ka sani cewa taswirar da aka sauke ta Google tana nuna hanyar mota ne kawai, ba ta nuna hanyar ƙafa ko ta jirgin ƙasa idan sabis ya ɗauke. Shi ya sa nake ƙara manhaja ta biyu, irin su Organic Maps ko OsmAnd, waɗanda ke nuna hanyar ƙafa ko babu data, kuma a tsohon garin Bankok tafiyar ƙafa ita ce rabin aikin.

Na biyu shi ne suna. Rubuta sunayen Tailan da haruffan boko bai tsaya a kan ƙa'ida ɗaya ba, wuri guda zai iya zuwa da rubutu iri biyu ko uku. Wat Pho kansa a hukumance Wat Phra Chetuphon ake kiransa, kuma akwai wasu wurare a faɗin ƙasar masu suna kusa da nasa. Kafin ka fita, ka nemo kowane wuri, ka duba hotunansa ka tabbatar shi ne, ka sa masa alamar ajiya, sannan ka ɗauki hoton fuskar wayar inda sunan ya fito da rubutun Tailan. Haka ma za ka yi wa adireshin otal ɗinka. Direba zai karanta wannan hoton nan take, alhali in ka furta sunan da bakinka mai yiwuwa ba zai gane ba, domin harshensu mai karin sauti ne kamar Hausa, ɗaga murya ko sauke ta yana canza ma'anar kalma.

Wuraren uku da aka fi zuwa suna kusa da juna. Babbar Fadar Sarki, wadda aka fara ginawa a 1782 lokacin da Sarki Rama na Ɗaya ya mai da Bankok hedikwatarsa, a cikin harabarta Wat Phra Kaew yake. Wat Pho yana kudu da fadar, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Wat Arun kuma yana hayin kogin Chao Phraya, jirgin fito ne ke tsallakar da mutane zuwa can daga bakin ruwan Tha Tien. Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, shuɗin layi, ka sauka a tashar Sanam Chai. Wanda kuma yake son ganin gari daga kan ruwa sai ya hau jirgin ƙasa na BTS zuwa Saphan Taksin, ya shiga jirgin ruwan fasinja daga nan. Idan mota kake so, manhajojin kiran mota na Grab da Bolt suna aiki, kuma ka ga kuɗin tafiya kafin ka shiga.

Akwai wata tsohuwar dabarar damfara a kewayen fadar da nake so ka sani. Wani mutum mai tsabta da fara'a zai tare ka ya ce yau an rufe fada saboda wani biki, ya ce ga tuk-tuk, wato adaidaita-sahun can, zai zagaya da kai wasu wurare a kan kuɗi kaɗan, kuma ƙarshen tafiyar shagon duwatsun ado ne ko na ɗinkin kwat inda za a matsa maka ka yi sayayya. Gaskiya ne akan rufe fadar wasu ranaku saboda hidimar sarauta, amma ana sanar da haka a shafin fadar, kuma a ranakun da take buɗe ana sayar da tikiti daga ƙarfe 8:30 na safe zuwa 3:30 na yamma. Ka duba shafin tun a otal, sannan ka taka da ƙafarka har ƙofar ka gani. Ka ajiye lambar 'yan sandan kula da baƙi, 1155, a wayarka.

Tambaya: Malam, an ce akwai manhajar da za ta fassara mini allunan da ke bango idan na haska su da kyamara. Tana yin Hausa? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malama, Google Translate tana yin haka, kuma akwai Hausa a cikin harsunanta. Amma a iya gwajin da na yi, fassara daga harshen Tailan zuwa Turanci ko Faransanci ta fi fita da ma'ana fiye da zuwa Hausa, don haka ki sauke harshen Tailan da wanda kika fi ji cikin waɗannan biyu tun kafin tafiya. Rubutunsu yana da baƙaƙe 44, wasulansa suna zama a sama ko a ƙasa ko a gefen baƙi, kuma ba sa raba kalmomi da sarari, shi ya sa ɗan girgizar hannu yake sa fassarar ta riƙa canzawa a idonki. Ki ɗauki hoton allon a tsaye cak, sannan ki ba manhajar hoton. Ga allon farashi da na ƙa'idojin shiga tana wadatarwa. Tsofaffin rubuce-rubucen da aka sassaƙa a duwatsun Wat Pho kuwa sun fi ƙarfinta, kada ki gina wani bayani a kan abin da ta ba ki.

Kada kuma ki firgita idan kika ga shekara ta 2568 ko 2569 a kan rasit ko kwalbar ruwa. Tailan tana ƙirga shekara da kalandar Budda, wadda ta wuce ta Miladiyya da shekara 543, wato 2025 ita ce 2568 a wurinsu. Wasu wayoyi, musamman iPhone, idan aka canza musu yanki zuwa Tailan sukan koma wannan kalanda. Wayar ba ta lalace ba, a saitunan harshe da yanki ake mayar da ita.

Tambaya: Malam, ƙanena ya je Wat Pho ya dawo da hotuna, amma babu ko ɗaya da babban mutum-mutumin ya fito duka, wasu kuma sun yi duhu. Laifin wayar ne? Kuma an ce akwai inda ba a yarda a ɗauki hoto ba. Daga wata 'yar kasuwa a Kumasi.

Amsa: Hajiya, laifin ba na wayar ba ne, yanayin ɗakin ne. Mutum-mutumin Budda na kishingiɗe da ke Wat Pho tsawonsa mita 46, tsayinsa mita 15, an yi shi a 1832 zamanin Sarki Rama na Uku, kuma ginin da ke rufe da shi kusan daidai jikinsa ne. Tsakanin mai kallo da shi akwai jerin ginshiƙai masu kauri, hanyar wucewa kuma siririya ce, mutane na biye da kai a baya. Ranar da na shiga, na ɓata mintuna ina ja da baya har na jingina da bango, ban samu fiye da kai da kafaɗa ba, sai da na bi layi har ƙarshen ɗakin, wajen ƙafafun, na juyo. Daga wannan kusurwa ne kaɗai jikin ke miƙewa a gaban kyamara tun daga tafin ƙafa har kai. A nan za ki danna 0.5 idan wayarki tana da kyamara mai faɗin gani. Tafin ƙafafun kansu abin tsayawa ne, an yi musu ado da ɓawon kifin lu'ulu'u a gidaje 108, kowane da zanensa, kuma a bayan mutum-mutumin akwai kwanonin tagulla 108 da masu ziyara ke jefa tsaba a ciki, ƙarar tana tashi a ɗakin ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya ɗauki ɗan gajeren bidiyo a nan ya fi mai hoto ɗaukar yanayin wurin.

Maganar duhu kuma, kada ki kunna filasha. Jikin zinariya yana mayar da haske, sai hoton ya fito da farin tabo a tsakiya, gefensa baƙi. Ki taɓa wurin da ya fi haske a fuskar wayar, ki ɗan ja alamar rana ƙasa, ki haɗa gwiwar hannunki da jikinki, ki bar wayar ta yi daƙiƙa ɗaya ko biyu tana tattara haske. Wannan ya fi amfani a Wat Traimit, kusa da unguwar Sinawa ta Yaowarat, inda mutum-mutumin zinariya mai nauyin tan 5.5 yake. Ya daɗe lulluɓe da filasta ba wanda ya san abin da ke ciki, sai a 1955 da ake ɗaga shi igiya ta tsinke, filastar ta ɓantale, zinariyar ta bayyana. Shi kuwa Wat Arun, hasumiyarsa da aka lulluɓe da gutsattsarin tangaran ta fi kyau a hoto daga hayin Wat Pho idan rana ta kusa faɗuwa. Ƙananan furannin tangaran ɗin kuma sai an tsallaka an matso kusa ake ganinsu.

Game da hani, gaskiya ne. A cikin ɗakin da mutum-mutumin koren dutse na Wat Phra Kaew yake, wanda tsayinsa bai wuce santimita 66 ba amma shi ne mafi daraja a wurin mutanen ƙasar, an hana ɗaukar hoto, kuma masu gadi suna lura. Ki mayar da wayar jaka a nan. A sauran wurare ki duba alamar kyamara da aka ja wa layi, ki sa wayar a shiru tun daga ƙofa, domin wurin da kike kallo a matsayin baƙuwa wasu ibada suka zo yi. Ana cire takalmi, ana rufe kafaɗa da gwiwa, ba a miƙe ƙafa ta fuskanci mutum-mutumi, kuma mace ba ta taɓa malaminsu mai tufafi ruwan goro ko ta miƙa masa abu hannu da hannu, ko da wayar ce don ya ga hoto. Kada ki ɗauki fuskar mai addu'a ba da izininsa ba. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto kuma kada ma a ɗauko shi daga gida, domin sai an yi masa rajista da hukumar sufurin jiragen sama da ta sadarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto. Sashe na 112 na dokar laifuka ta Tailan ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki ko sarauniya ko magajin sarauta, kuma rubutu a Facebook yana cikin abin da ake kama mutane a kansa. Za ki ga hotunan sarki a tituna da kan takardun kuɗi. Kada ki yi raha da su a kowane harshe, har da Hausa, domin manhajar da ta fassara miki harshensu za ta fassara musu naki.

Idan ma'ajin wayar ya yi ƙaranci, ki rage ƙarfin bidiyo. A iPhone minti ɗaya na 4K mai hoto 60 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 400, alhali 1080 mai hoto 30 bai wuce kusan 60 ba. Kowane dare ki bar hotunan su hau Google Photos ko iCloud a kan intanet ɗin otal.

Tambaya: Malam, batirina ba ya kai la'asar ko a gida. Me zan yi a can, kuma cajata za ta shiga soket ɗinsu? Daga wani mai karatu a Yola.

Amsa: Malam, zafin Bankok haɗe yake da gumi, kuma harabar waɗannan wurare fili ne na dutse da siminti da rana ke duka tun hantsi. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran wayoyi ma kusan haka suke, kuma a watan Afrilu garin yana wuce wannan. Taswira da kyamara da hasken fuska da ya kai ƙarshe saboda rana, idan suka haɗu, waya tana zafi har ta rage haske da kanta ko ta rufe kyamara. Tawa ta taɓa yi mini haka a gindin hasumiyar Wat Arun da tsakar rana. Na cire mata riga, na zauna a inuwa kusan minti goma, ta dawo. Kada ka yi mata caji tana cikin wannan zafi, kada kuma ka manna ta da kwalbar ƙanƙara, domin raɓa na iya taruwa a cikinta. Fita da sassafe ya fi duk wata dabara, ga sanyi ga ƙarancin jama'a.

Ka riƙe fawabank a jakar hannu, ba a sa shi a akwatin da ake aunawa a kai ma'ajiyar kayan jirgi. Iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce wat-awa 100 a ma'aunin ƙarfin batiri, kuma mai 20,000mAh kusan 74 yake, ya shiga. Wasu kamfanonin jirgi sun hana amfani da shi yayin tafiya, don haka ka tambayi naka. Ƙarfin wutarsu daidai yake da na gida, cajarka ba za ta ƙone ba, sai dai kan caja mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Najeriya ba ya shiga yawancin soket ɗinsu, sai da adafta. Mai ƙafa biyu zagayayyu, irin wanda aka saba da shi a Nijar da Kamaru, yawanci yana shiga.

Tambaya: Malam, na ga ko'ina da lambar QR suke biyan kuɗi. Zan iya da manhajar bankina? Daga wani ɗan kasuwa a Sakkwato.

Amsa: A'a, Alhaji. Tsarin nasu PromptPay ne, kuma an gina shi a kan asusun bankunan ƙasar. Ka riƙe tsabar baht, kuɗin ƙasar, don tikiti da jirgin fito da ruwan sha. Injinan cirar kuɗi suna cajin katin waje sama da baht 200 a kowace cira, don haka cira ɗaya mai yawa ta fi ƙanana da yawa, kuma idan injin ya tambaye ka ko ya canza maka lissafin zuwa wani kuɗi, ka zaɓi a bar shi a baht.

Tambaya: Malam, idan azahar ta same ni a wajen zagayen nan fa? Manhajar salla za ta gane inda nake? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Hajiya, za ta gane idan kin ba ta izinin sanin wuri, kuma kin bar agogon wayar yana saita kansa. Bankok tana gaban Nijar da Najeriya da awa 6, kuma na sha ganin wanda manhajarsa ta ci gaba da kiran salla da lokacin gida saboda ya zaɓi garinsa da hannu tun ranar da ya sauke ta. Da kin sauka ki buɗe ta, ki tabbatar sunan garin ya canza. Alƙibla kuma daga can tana yamma ne da ɗan karkata zuwa arewa, saɓanin gabas da jikinmu ya saba fuskanta, don haka kada ki zargi manhajar idan ta juya ki wajen faɗuwar rana. Abin da ke iya yin kuskure shi ne kamfas ɗin wayar, wanda ƙarfen gini da maganaɗisun rigar waya ke rikitawa. Ki fito fili, ki cire rigar, ki juya wayar a iska kamar kina zana lamba 8 sau biyu ko uku, sannan ki sake dubawa.

Musulmi suna da daɗaɗɗen zama a Bankok. A hayin Wat Arun, a bakin mashigin ruwan Bangkok Yai, akwai masallacin Ton Son, wanda ake lissafawa cikin mafi tsufa a birnin, kuma a unguwar Bang Rak kusa da kogi akwai masallacin Haroon. Ki nemo su biyun a taswira tun a otal, ki sa musu alamar ajiya tare da sauran wuraren, ki tsara zagayenki yadda za ki gama da Wat Arun gab da azahar, daga nan ki kira mota ko ki bi taswirar ƙafa zuwa Ton Son.